Yadda Ake Tantance Jami'o'i da Kwalejoji a Najeriya, da Yadda Za Ka Binciki Kwas Kafin Ka Biya Kuɗi

Duk shekara, da zarar JAMB ta saki sakamakon jarrabawa, iyaye da ɗalibai sukan bazama neman gurbin karatu, kuma tambayar da aka fi yi game da kowace makaranta ita ce ko gwamnati ta san da zamanta. Tambayar tana da kyau, sai dai ba ta wadatar ba, domin a tsarin Najeriya lasisin buɗe makaranta daban ne, izinin fara koyar da wani kwas daban ne, sannan tantance ingancin wannan kwas ɗin bayan ya kankama shi ma daban ne. Jami'a tana iya zama halastacciya, mai shekara 40 da kafuwa, amma kwas ɗin da ɗanka ya samu a cikinta ya kasa tsallake tantancewa. Illar hakan kuwa ba ta bayyana sai bayan shekara huɗu ko biyar, lokacin da aka zo tura sunaye hidimar ƙasa ko neman lasisin aiki, bayan kuɗi sun riga sun tafi kuma shekarun ba za su dawo ba. Saboda haka abin da ya kamata ka bincika shi ne kwas ɗin kansa, a wannan makarantar, a wannan shekarar.

Hukumomin da ke riƙe da ma'auni

Ka fara da sanin hukumar da ke da hurumi a kan makarantar da kake so. Jami'o'i, na tarayya da na jihohi da masu zaman kansu, suna ƙarƙashin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, mai hedikwata a unguwar Maitama a Abuja. An kafa ta a 1962 a matsayin ƙaramin ofishin ba da shawara, bayan rahoton kwamitin Ashby da ya duba makomar ilimi mai zurfi gab da samun 'yancin kai, sannan ta zama hukuma mai cikakken iko bisa doka a 1974, inda Farfesa Jibril Aminu ya fara jan ragamarta a wannan sabon matsayi. Ikon gindaya mafi ƙarancin sharuɗɗan karatu da tantance digiri kuwa bai zo hannunta ba sai da dokar soja mai lamba 16 ta 1985. Daga nan ta fitar da ma'auninta na farko a 1989, aka fita zagayen tantancewa na farko a 1990. Ma'aunin da ake aiki da shi yanzu shi ne CCMAS, wanda aka ƙaddamar a watan Disamba na 2022, kuma a cikinsa hukumar ce ke tsara kashi 70 cikin 100 na manhajar kowane kwas, jami'a ta cike kashi 30 da abin da ya dace da muhallinta. Ƙungiyar malamai ta ASUU ta soki wannan rabo, tana ganin ya yi katsalandan a aikin majalisar malaman kowace jami'a, amma da shi ake auna kwasa-kwasai a halin yanzu.

Foliteknik da sauran kwalejojin da ke ba da ƙaramar difloma da babbar difloma suna hannun NBTE, wadda aka kafa a 1977 kuma hedikwatarta take Kaduna. Kwalejojin ilimi masu ba da takardar NCE suna hannun NCCE, wadda aka kafa a 1989.

A nan ne ake yawan ruɗar mutane. Ka shiga ofishin wata makaranta mai zaman kanta, sai a nuna maka takardu cikin gilashi a jikin bango: shaidar rajistar kamfani daga CAC, da wasiƙar yabo daga ƙaramar hukuma, wani lokaci har da takardar ma'aikatar ilimi ta jiha. Duk waɗannan suna iya zama na gaskiya, amma babu ɗaya daga cikinsu da ke ba makaranta ikon bayar da digiri ko difloma ta ƙasa. Rajistar CAC tana nufin an yi wa suna rajista a matsayin kamfani ko ƙungiya, iyakarta ke nan. Idan babu sunan NUC ko NBTE ko NCCE a cikin abin da aka nuna maka, to ba a nuna maka komai ba tukuna.

Yadda ake yi wa kwas maki

Jami'a mai zaman kanta tana farawa ne da lasisin wucin gadi na shekara uku, a haɗa ta da wata tsohuwar jami'a da za ta riƙa sa mata ido, sai ta cika sharuɗɗa kafin a ba ta cikakken lasisi. An fara ba da irin wannan lasisi a 1999, ga jami'o'in Igbinedion da Babcock da Madonna. Jami'ar jiha kuwa majalisar dokokin jihar ce ke kafa ta da doka, sannan NUC ta amince da ita a hukumance.

Bayan lasisi, duk kwas ɗin da jami'a ke son buɗewa sai ta nemi izini, hukumar ta turo masana su duba ko akwai malamai da azuzuwa da kayan aikin da za a fara da su. Wannan ziyara ta duba kayan aiki ita ce ke ba da izinin ɗaukar ɗalibai, amma ba ita ce tantancewa ba. Tantancewa ta ainihi tana zuwa ne bayan kwas ya nuna, wato lokacin da rukunin farko na ɗalibai suka kai aji uku. Ma'anar wannan ita ce duk wanda ya shiga sabon kwas a shekararsa ta farko ko ta biyu ya shiga ne kafin a yanke wa kwas ɗin hukunci. Ba laifi ba ne, kowane kwas da haka ya fara, amma ya kamata ka san matsayin da kake, ka kuma ga takardar izinin farawa da idonka.

Idan lokaci ya yi, sashen yana cike wani dogon fom na auna kai, ya bayyana malamansa da ɗalibansa da kayansa da kuɗin da ake kashe masa. Sai hukumar ta turo tawagar farfesoshi daga wasu jami'o'i, masana wannan fannin, tare da jami'inta, su kwana biyu ko uku suna gwada abin da aka rubuta da abin da ke ƙasa. Duk wanda ya taɓa ganin sashe a makon tantancewa ya san yadda ɗakin baje takardu yake kasancewa: tebura jere da fayilolin malamai, da tambayoyin jarrabawar shekarun baya haɗe da tsarin ba da maki, da takardun amsar ɗalibai da aka riga aka duba, da kundayen binciken 'yan ajin ƙarshe, da rahotannin mai duba jarrabawa daga wata jami'a. Baƙin sukan zaro takardar amsa ɗaya daga tsakiyar ɗauri su duba ko makin da aka ba ta ya dace da abin da ɗalibi ya rubuta. Sukan shiga aji su zauna a baya su saurari darasi, su leƙa ofisoshin malamai su ƙirga mutum nawa ke raba ɗaki ɗaya, su sa ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ya kunna na'ura a gabansu. A laburare ba yawan littattafai kaɗai suke dubawa ba, suna duba shekarar bugu, su kuma zauna gaban kwamfuta su ga ko mujallun intanet da aka ce an biya kuɗinsu suna buɗewa. Hatta ban-ɗaki da tukunyar kashe gobara da bokitin yashi a baranda suna cikin lissafi.

Batun malamai shi ne ya fi kayar da sassa, kuma yana da ƙa'idar lissafi da kai ma za ka iya yi. A fannonin adabi da zamantakewa da shari'a da ilimi, ana son malami ɗaya ga ɗalibai 30. A kimiyya ɗaya ga 20, a injiniyanci da aikin gona ɗaya ga 15, a likitanci ɗaya ga 10. Sannan ana son malaman su kasu bisa muƙami: kashi 20 cikin 100 farfesoshi da mataimakan farfesa, kashi 35 manyan malamai, kashi 45 ƙananan malamai, kuma mafi yawansu su kasance masu digirin digirgir. A ɗauki misalin sashen nazarin zamantakewa mai ɗalibai 600. Yana buƙatar malamai 20, daga ciki 4 a matakin farfesa, 7 manya, 9 ƙanana. Idan ka tarar da irin wannan sashe da malamai 8, shugabansu kuma bai wuce babban malami ba, ba sai an gaya maka inda zai sha wuya ba.

Daga ƙarshe ana haɗa maki, sakamako ya faɗa ɗaya daga cikin matsayi uku, kuma da Turanci za ka tarar da su a jerin hukumar: Full, Interim, Denied. Na farko cikakkiyar amincewa ce ta shekara biyar, kuma kafin a same ta sai kwas ya ci kashi 70 cikin 100 a jimla, ya kuma ci 70 a kowane ɗaya daga cikin manyan ginshiƙai huɗu, wato harkokin karatu, da malamai, da gine-gine da kayan aiki, da laburare. Na biyu amincewar wucin gadi ce ta shekara biyu, ga kwas ɗin da ya ci daga 60 zuwa ƙasa da 70, ko wanda ya haura 70 a jimla amma ya gaza a ɗaya daga ginshiƙan nan. Wato kwas yana iya cin 74 a jimla, laburarensa ya tsaya a 62, ya ƙare a wucin gadi. Na uku hana amincewa ne, ga wanda ya ci ƙasa da 60, haka kuma kwas ɗin da yake kan wucin gadi, aka dawo aka tarar bai gyara ba, shi ma nan yake faɗawa. Kwas ɗin da aka hana wa amincewa dole ya daina ɗaukar sababbin ɗalibai har sai ya farfaɗo, kuma NUC tana sanar da JAMB da hukumar hidimar ƙasa, wato NYSC.

Amincewar wucin gadi ba abin firgita ba ce a kan kanta, domin kwas yana nan halastacce a cikin wa'adinta, kuma sassa da yawa masu kyau sun taɓa faɗawa cikinta saboda ritayar farfesoshi biyu a shekara guda. Abin lura shi ne kwanan wata. Idan an ba da ita shekara biyu da suka wuce, to wa'adi ya ƙare ko yana gab da ƙarewa, kuma ziyarar da ke tafe ita ce za ta raba gardama a daidai lokacin da ɗanka yake aji ɗaya ko biyu.

Binciken da za ka yi da kanka

Ka buɗe shafin intanet na hukumar da abin ya shafa, ka nemi sunan makarantar a jerin halastattu. Ka karanta sunan harafi bayan harafi, domin makarantun bogi sukan ɗauki suna mai kama da na wata sananniyar jami'a, su ƙara kalma ɗaya ko su sauya gari. NUC takan kuma fitar da jerin haramtattun jami'o'i lokaci zuwa lokaci, sai dai rashin ganin suna a cikinsa ba wanke makaranta ba ne, tun da sababbi suna ɓullowa kafin hukuma ta gano su. Jerin halastattu shi ne hujja.

Bayan haka ka nemi sakamakon tantancewa na kwas ɗin, ka rubuta abu uku: matsayinsa, da shekarar da aka ba shi, da shekarar da zai ƙare. Ka kula da ainihin sunan digirin, domin amincewa da digirin kimiyyar kwamfuta ba ta shafi digirin tsaron intanet ko na injiniyancin manhaja ba, ko da a tsangaya ɗaya ake koyar da su, kuma amincewa da karatun cikakken lokaci ba ta nufin an amince da na ƙarshen mako ko na nesa. Shafukan hukumomi sukan yi jinkirin sabunta bayanai, saboda haka idan abin da ka gani ya tsufa, ka je makarantar. Ofishin da ke riƙe da waɗannan takardu a jami'a shi ne sashen tsare-tsaren karatu, wanda ke ƙarƙashin ofishin shugaban jami'a, kuma wasiƙar sakamakon tantancewa ba sirri ba ce. Makarantar da ta ci cikakkiyar amincewa takan kai labarin jarida da kanta. Wadda ta fara kewaye-kewaye, ana ce maka "ana kan hanya" ko "an kusa kammalawa", ta riga ta ba ka amsa.

Sannan ka gwada da bayanan JAMB. Kwas ɗin da ba ya cikin kundin kwasa-kwasan JAMB a ƙarƙashin sunan wannan makaranta abin tuhuma ne. Tun 2017 duk gurbin karatu na halal yana bi ne ta manhajar CAPS, inda ɗalibi zai ga tayin gurbin a shafinsa, ya karɓa da kansa, ya buga takardar shiga makaranta ta JAMB. Takardar da makaranta ta buga maka a ofishinta ba ta isa ba. Dubban ɗalibai sun kammala karatu sun tarar da sunansu ba ya cikin rajistar ɗalibai ta JAMB saboda an ɗauke su ta bayan fage, kuma NYSC ba ta kiran wanda sunansa ba ya ciki. Ka duba wannan rajista tun ɗanka yana aji ɗaya, ka tabbatar kwas ɗin da aka rubuta a can shi ne wanda yake karantawa, musamman idan an sauya masa sashe bayan ya shiga.

Akwai kuma karatun digiri da ake yi a kwalejin ilimi ko wata cibiya da sunan haɗin gwiwa da jami'a. Wannan tsari ne halastacce, kwalejoji da yawa a Arewa sun daɗe suna yin sa da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, amma sai NUC ta amince da haɗin gwiwar, kwas bayan kwas. Ka tambayi uwar jami'ar kai tsaye ko ta san da wannan cibiya da wannan kwas. Rassan jami'o'i da ake buɗewa a ajin makarantar firamare a wani gari mai nisa, ana karatu Asabar da Lahadi, an haramta su tun 2001.

Kwasa-kwasan da ke da ƙofa biyu

Ga likitanci da shari'a da injiniyanci da haɗa magunguna da aikin jinya da makamantansu, amincewar NUC rabin tafiya ce. Kowane ɗaya yana da majalisar ƙwararru da ke yin tata tantancewar: MDCN ga likitoci, Majalisar Ilimin Shari'a ga lauyoyi, COREN ga injiniyoyi, PCN ga masu haɗa magunguna, NMCN ga ma'aikatan jinya da ungozoma. Digiri yana iya zama ingantacce a wajen NUC, amma mai shi ya kasa samun lasisin aiki saboda majalisar fanninsa ba ta amince da tsangayar ba.

Waɗannan majalisu suna kuma ƙayyade adadin ɗaliban da kowace makaranta za ta ɗauka, kuma wannan adadi ya fi cutar da ɗalibai fiye da rashin amincewa kanta, saboda ba a ganinsa. Idan an ware wa tsangayar shari'a gurbi 50 a shekara, ita kuma ta ɗauki 200, Makarantar Horas da Lauyoyi, ko ta Bwari ce ko ta Bagauda ko ta Yola, 50 ɗin za ta karɓa, sauran su shiga layi suna jiran shekara mai zuwa tare da waɗanda suka biyo bayansu. A likitanci ma haka ne, ga kuma tsangayoyin da ke da izinin koyar da shekarun farko amma asibitin koyarwarsu bai samu amincewa ba, ɗalibai su kai matakin shiga asibiti su tsaya cik. Don haka tambayoyi biyu ne a nan: nawa aka ware muku, kuma nawa kuka ɗauka bara? Amsar ta biyu ɗaliban aji biyu za su ba ka ita cikin minti ɗaya.

Kwalejojin kiwon lafiya masu zaman kansu, waɗanda suka yawaita a garuruwan Arewa, su ne suka fi buƙatar taka-tsantsan, domin galibi 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne ke shiga, 'yan mata musamman, da fatan samun aiki da wuri. Kowane kwas a cikinsu yana da hukumar da ke shirya jarrabawar ƙasa ta ba da lasisi, lafiyar al'umma da tata, gwaje-gwajen asibiti da tata, tsabtar muhalli da tata. Ka tambaya ko ɗaliban makarantar suna samun lambar rajista daga hukumar, kuma ko a harabar makarantar suke rubuta jarrabawar ƙasa ko kai su wata makaranta ake yi da sunan wasu. A 2022 gwamnatin Kano ta rufe irin waɗannan makarantu fiye da 20 saboda rashin izini.

Abin da maki ba ya nunawa

Tantancewa ziyara ce ta 'yan kwanaki sau ɗaya a shekara biyar, kuma ana sanar da ranarta tun da wuri. Sanannen abu ne a harkar jami'o'i cewa wasu sassa sukan ari kayan aiki daga wata tsangaya ko wata makaranta, a kwashe littattafai daga ɗakunan malamai a cika kantocin laburare, a kuma sa sunayen farfesoshin da ke aiki a wasu wurare a jerin ma'aikata, su bayyana ranar ziyara su ɓace washegari. Hukumar ta san da haka, shi ya sa tawagogi ke neman takardun biyan albashi na watanni da jadawalin darussa, kuma farfesan da ya saba aikin yakan gane na'urar da ba a taɓa kunnawa ba daga yadda ma'aikaci ke laluben makunninta. Duk da haka wasu suna tsallakewa. A ganina cikakkiyar amincewa shaida ce cewa takardar da za a ba ɗanka za ta karɓu, ba shaida ba ce cewa za a koyar da shi da kyau.

Kayan aro ba ya rufe katara, kuma hanyar gane shi ita ce zuwa a ranar da ba a jiran baƙo. Ka je sashen a tsakiyar zangon karatu, ranar Talata ko Laraba da hantsi. Ka karanta jadawalin darussa da ke manne a allon sanarwa, ka ƙirga sunayen malaman da ke ciki, ka gwada da jerin da ke littafin sashe. Ka sami ɗalibin aji uku ka tambaye shi yaushe rabonsa da shiga ɗakin gwaje-gwaje, su nawa ke taruwa a kan na'ura ɗaya, wane farfesa ne ya taɓa koyar da shi a aji, kuma wata nawa sakamakon jarrabawa ke ɗauka kafin ya fito.

Jerin gwanaye da ake yaɗawa a jaridu, na cewa jami'a kaza ce ta ɗaya a Najeriya ko ta goma a Afirka, wani abu ne daban, kuma ba shi da ƙarfin doka ko kaɗan. Times Higher Education da QS kamfanoni ne na Birtaniya da ke auna jami'a sukutum, suna ba da nauyi mai yawa ga bincike da yawan ambaton ayyukan malamai da kuma kimar jami'a a idon masana. Times ba ta ma saka jami'a a babban jerinta sai ta wallafa maƙalu aƙalla 1,000 a cikin shekara biyar, don haka ƙaramar jami'a mai koyarwa da kyau tana iya rasa shiga. Webometrics kuwa, wanda wata cibiyar bincike a Sifaniya ke fitarwa, ya fi karkata ga yadda jami'a ta bayyana a intanet. Fitowar Bayero da Ahmadu Bello a jerin Times a 'yan shekarun nan abin alfahari ne, kuma yana da amfani ga mai neman digiri na biyu ko na uku, amma ba ya gaya maka halin da wani sashe guda yake ciki. Ka kuma yi hattara da jerin da ake dangantawa ga NUC a Facebook da WhatsApp, domin hukumar ta sha nesanta kanta da irinsu.

Idan karatun a ƙasar waje ne

Takardar da aka samo daga waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja ta auna ta kafin mai ita ya tafi hidimar ƙasa ko ya shiga aikin gwamnati, kuma abin da take fara dubawa shi ne ko ƙasar da makarantar take ta amince da ita. A ƙarshen Disamba na 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya wallafa yadda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano ta Jamhuriyar Benin cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba, har ya yi amfani da shi ya shiga hidimar ƙasa. A farkon Janairu na 2024 gwamnati ta dakatar da auna takardun Benin da Togo, daga baya ta sanar cewa jami'o'i biyar kawai ta amince da su a Benin, uku a Togo. Waɗanda suka yi karatu na gaskiya a wasu makarantun ƙasashen biyu su ma abin ya rutsa da su.

Saboda haka kafin ka biya dillalin karatu ko sisi, ka nemi hukumar tantancewa ta ƙasar. A Gana GTEC ce, wadda aka samar a 2020. A Nijar da sauran ƙasashe masu amfani da Faransanci ka nemi izinin ma'aikatar ilimi mai zurfi ta ƙasar, ka kuma duba ko CAMES, majalisar haɗin gwiwar waɗannan ƙasashe kan ilimi mai zurfi, ta amince da takardar. An kafa CAMES a Yamai a 1968, hedikwatarta tana Wagadugu, kuma ita ma takarda bayan takarda take amincewa, ba makaranta ɗungurungum ba. Indiya, inda ɗaliban Arewa da yawa ke zuwa, tsarinta ya bambanta da namu: hukumar NAAC, wadda aka kafa a 1994, ta daɗe tana auna makaranta gaba ɗayanta ta ba ta daraja da harafi, daga A++ a sama zuwa C, D kuma na nufin ba ta tsallake ba, kuma a 2024 aka sanar da shirin sauya wannan tsari zuwa na amincewa ko rashinta kawai. Harafin da ka gani a tallar makaranta yana da wa'adi, sai ka duba shekararsa a shafin NAAC. Mai karatun likitanci a kowace ƙasa kuwa, ko Masar ce ko Sudan ko Indiya, ya sani cewa jarrabawar MDCN tana jiransa idan ya dawo, don haka ya tuntuɓi majalisar game da makarantar tun kafin ya nemi biza.

Wanda ya riga ya shiga makaranta sannan ya gano kwas ɗinsa yana da matsala, ya fara da tantance wace iri ce. Idan makarantar ce ba ta da lasisi, babu abin jira, ya fita ya sake rubuta JAMB, domin babu jami'ar da za ta karɓi sakamakonsa. Idan makarantar halastacciya ce amma kwas ɗin ne ba shi da izini ko aka hana shi amincewa, ɗalibai su haɗu su rubuta wa magatakardan jami'a suna neman bayani a rubuce game da matsayin rukuninsu, su aika kwafi ga hukumar da abin ya shafa, su kuma nemi a mayar da su wani kwas makusanci mai amincewa tun suna ƙananan azuzuwa, lokacin da darussan da suka ci za su iya bin su. Duk wanda aka sauya wa kwas ya tabbatar an gyara bayanansa a JAMB, ya ajiye kwafin takardar sauyin da rasitan kuɗin makaranta na kowane zango.